Uban da bai taɓa hawa dandamali ba: yaya za a nuna tasirinsa a The Glass Menagerie?

Ɗan Dandali:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san wasan kwaikwayon Tennessee Williams mai suna The Glass Menagerie, musamman masu koyar da shi da masu ba da umarni. Ƙungiyar ɗalibai ce za ta ɗora shi a dandamali. 'Yan wasa huɗu sun samu: Amanda, ɗanta Tom, 'yarta Laura, sai baƙonsu Jim. Inda gizo ke saƙa shi ne mutum na biyar, wato mijin Amanda, Mista Wingfield. Tun a fitowar farko Tom ya sanar da 'yan kallo cewa uban yana cikin wasan, amma ba ya shigowa, ba ya cewa uffan, hotonsa ne kawai a bango.

A wajen gwaji, da zarar an wuce wannan gabatarwar sai uban ya ɓace gaba ɗaya. Wasan ya koma rigimar uwa mai yawan magana da ɗa mai taurin kai, hoton kuma ya zama kayan ado kawai. Mene ne ainihin aikin wannan uban a ginin wasan? Wane girma ya kamata hoton ya yi, a ina za a rataye shi, kuma yaushe ake haska shi? Zauren ƙarami ne, kujeru wajen 200, fitilun ba su da yawa, kuma da janareta za a yi.

Malamar Adabi:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ku buga ko ƙusa ɗaya, ku zauna da littafin da fensir, ku yi alama a duk inda aka ambaci uban, ko aka nuna hotonsa, ko aka taɓa wani abu da ya bari. Za ku tarar cikin fitowa bakwai da wasan ya ƙunsa babu wadda babu shi. Ina lissafi ne da bugun da ake karantawa a aji. Akwai wani bugun da aka shirya don masu ɗora wasan, lambobin fitowarsa sun ɗan bambanta, saboda haka ku tabbata kowa littafi ɗaya yake riƙe da shi.

Abin da aka fi mantawa shi ne kuɗi. Ana saurin tafiya ga kewa da ɓacin rai, alhali abu na farko da tafiyar mutumin ta bari shi ne gurbin mai ciyarwa. Labarin a birnin St. Louis yake, cikin shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Uban ma'aikacin kamfanin tarho ne, ya ajiye aikinsa ya kama gabansa, labarinsa na ƙarshe wani kati ne da ya aiko daga Mazatlan a gaɓar tekun Meksiko, da kalma biyu, gaisuwa da ban-kwana, babu adireshi. Tom ne ya hau gurbin, yana aiki a siton kamfanin takalma a kan dala 65 a wata, daga ciki ake biyan haya da lantarki. Dala 50 da aka biya wa Laura a makarantar koyon tafireta, wadda ta daina zuwa a ɓoye, ta kusa kai albashinsa na wata guda. Amanda kuma tana buga wa mata tarho tana tallar wata mujalla. Har taba sigarin Tom ta lissafa: santi 15 kullum, dala huɗu da rabi a wata. In mai wasan Amanda ta riƙe waɗannan lambobin a ranta, faɗanta zai daina zama surutu, ya zama lissafin matar da ta san albashi ɗaya ne tsakaninta da titi, kuma ta riga ta ga mai albashi ya fita bai dawo ba.

Daga nan ne zaren labarin ya taso. Uba ya tafi, ɗa ya maye gurbinsa, ɗa yana neman mafita. A fitowa ta huɗu Amanda ta gaya wa Tom ta ga wasiƙar da ta zo masa daga wajen masu jiragen ruwa, ta san abin da yake ƙullawa, kuma kullum ƙara kama da ubansa yake. Sai ta gindaya masa sharaɗi: ya tafi duk inda yake so, amma sai ya samo wanda zai riƙe Laura. Jim ke nan. Wato baƙon da rabin wasan ke jira, gurbin uban aka gayyato shi ya cike. In 'yan wasanku ba su ga wannan ba, dole uban ya ɓace musu.

Sannan ba uba ɗaya ba ne a gidan, kowa da nasa. A wajen Amanda so ne da tsoro a haɗe, kuma ba ta iya raba su ba. Shekara 16 ke nan da tafiyarsa, ba ta sauke hoton ba. A fitowar farko tana ba da labarin samari 17 da suka zo wajenta rana ɗaya a garinsu na Kudancin ƙasar Amurka, ta bi su ɗaya-ɗaya, wanda ya mallaki gonaki, wanda ya yi arziki, ta rufe da cewa ita kuwa ubansu ta zaɓa. A fitowa ta biyu, tana cewa Laura ta koyi fara'a da jan hankalin mutane, sai ta juya ga hoton ta ce shi dai wannan yana da shi da yawa. A ta uku, marubucin ya ce rigar da take sanye da ita lokacin faɗansu da Tom tsohuwar rigar shan iska ce ta mijin, ta yi mata yawa. Ku duba wannan da kyau: tana zagin halin uban a jikin ɗan, tana kuma lulluɓe da rigarsa. A ta huɗu ta furta cewa ta so shi. A ta biyar, tambayar da ta fi damunta game da Jim ita ce ko yana shan giya, ta kuma ce babu abin da ya fi cutar da yarinya kamar ta biye wa kyawun fuska. A ta shida ta fito da rigar da ta sa ranar da ta haɗu da shi, tana cikin murnar tuna ƙuruciya ta zo gaban hoton ta tsaya cak.

A wajen Tom uban hanya ce, shaida ce cewa ana iya fita. A fitowa ta uku ya nuna hoton ya ce da kansa kawai ya sani, da tuni yana inda wancan yake. A ta huɗu ya dawo gida ƙarfe biyar na asuba a buge, yana ba Laura labarin wani mai dabo da aka rufe a akwatin gawa aka buga ƙusoshi, ya fito bai cire ko ɗaya ba. Ya tambaya wa ya taɓa yin haka, sai hoton ya yi haske. A ta shida ya nuna wa Jim katin ƙungiyar ma'aikatan jirgin ruwa, ya ce da kuɗin lantarki ya biya, ya kuma kira kansa ɗan ubansa da baƙar kalma. Duhun da ya rufe gidan a fitowa ta bakwai daga nan ya zo.

Laura kuwa kusan ba ta ambatonsa. Nata gadon fayafayan garmahon da ya bari ne. Duk lokacin da abu ya fi ƙarfinta can take nufa: sa'ad da asirin makarantar ya tonu, sa'ad da aka ce ta buɗe wa Jim ƙofa, da kuma bayan Jim ya faɗi cewa yana da wadda zai aura. Ku yi lissafin shekaru ma. Laura ta ce za ta cika 24 a watan Yuni, ta girmi Tom da shekara biyu. Ke nan tana wajen takwas, shi yana wajen shida, lokacin da mutumin ya tafi. Tom bai san ubansa sosai ba. Abin da ya sani murmushin hoto ne da abin da uwarsa ke faɗa. Ni a ganina wannan ne ya sa tafiyar ta yi masa kyau a ido: bai taɓa ganin abin da ta jawo wa mai tafiyar ba.

Mai Fitila:

Malama ta gama da littafi, bari in shiga ɓangaren katako da waya.

Marubucin ya ce hoton ya fi girman mutum na gaske, yana fuskantar 'yan kallo a bangon falo, fuskar saurayi ne kyakkyawa da hular sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana murmushi. A zaure mai kujeru 200, ka sa a buga shi kamar santimita 90 a faɗi, 120 a tsawo, kai da kafaɗu kawai. In ya gaza 60 a faɗi, na layin baya ba za su ga murmushin ba, kuma murmushin shi ne aikin hoton. In ya wuce mita ɗaya da rabi sai ya danne ɗakin, mutane su riƙa kallonsa suna barin mai magana. Gwajin mai sauƙi ne: ka zauna a kujerar ƙarshe ta kowane gefe, in ba ka ga haƙora da idanu ba, a ƙara girma ko a ƙara duhun bayan fuskar.

Kada a sa masa gilashi, kada kuma a buga shi a kan ledar nan mai sheƙi ta allunan talla. Fitilar gaba tana faɗawa kansu ta dawo wa 'yan kallo, sai rabin zauren su ga farin tabo maimakon fuska. Takarda marar sheƙi ko yadi za a yi amfani da shi, launin ƙasa-ƙasa na tsofaffin hotuna, a manna a filawud, a yi masa firam mai duhu mai faɗin yatsa huɗu. Ƙasan firam ɗin ya kasance kamar mita 1.6 zuwa 1.7 daga daɓen dandamali, yadda kan ɗan wasa ba zai tare fuskar ba in ya gitta, kuma duk mai kallonsa sai ya ɗaga kai. A ɗan karkato samansa gaba da kamar yatsa uku.

Wuri yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ƙofar gidan matakalar ƙarfe ce ta gudun gobara, ta nan ake shiga ana fita, nan Tom yake tsayawa ya sha taba ya yi wa 'yan kallo magana. Ka rataye hoton a inda in Tom ya nufi ƙofar nan dole ya bi ta ƙarƙashinsa. Garmaho kuma a ajiye shi kusa da hoton, ba daidai ƙasansa ba, ɗan gefe, yadda in Laura ta durƙusa tana juya hannunsa ido zai ɗauke su tare. Teburin 'yan dabbobin gilashin da Laura ke tarawa ya koma ɗaya ɓangaren. In aka cusa su duka a kusurwa ɗaya, Laura ba ta da inda za ta gudu, kuma gudun nan daga tsakiyar ɗaki zuwa garmaho shi ne maganarta a kan ubanta.

Sautin garmahon kada ya fito daga manyan lasifikokin zaure. Ka ɓoye ƙaramar sifika cikin akwatin, sautin ya fito siriri, da ƙarar tsufan faifai. Mai kunna sauti ya jira sai ta gama juyawa ta ɗora allura. In kiɗa ya riga hannunta, an gane wasa ne, an kuma yi dariya a inda ba a so. Akwai wani abu da ya kamata ku lura da shi: garmahon na hannu ne, ba ya buƙatar lantarki. Shi ya sa a fitowa ta bakwai, bayan an yanke wuta, Laura tana iya komawa gare shi. In kun kawo rediyo mai waya maimakonsa, kun ɓata wannan.

Haske kuma. Ka ware wa hoton fitila ɗaya tasa shi kaɗai, mai siririn haske, daga sama ta gefe, a toshe gefunanta da baƙin kwali mai jure zafi ko gwangwani don kada hasken ya zuba a bango. In akwai na'urar rage haske, ka bar ta a ƙasa-ƙasa, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, a yawancin wasan, yadda fuskar ba za ta nutse ba ko da an rage hasken ɗakin. Cikakken haske a ajiye shi don wurin akwatin gawa a fitowa ta huɗu: bayan tambayar Tom a ƙirga biyu, a ɗaga cikin daƙiƙa ɗaya, a riƙe daƙiƙa uku, sannan komai ya mutu tare. In an ɗaga a hankali amsar ta yi sanyi. In an riga tambayar ƙarewa an kashe ta. A gabatarwar farko ana iya ɗan ɗagawa zuwa rabi, don a nuna wa mutane inda za su duba. Bayan waɗannan biyun, ni ban ba da shawarar a sake ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne haska hoton duk lokacin da aka ce "ubanku". Zuwa karo na huɗu 'yan kallo sun fara jiransa, na biyar sun fara dariya.

In babu na'urar rage haske, a buga hoton a farin yadi, a yi akwati mai zurfin santimita 12 zuwa 15 a bayansa, a shafa wa cikinsa farin fenti, a jera ƙananan fitilun batir a gefuna, ba a tsakiya ba, in ba haka ba za a ga ɗigon haske a goshinsa. Makunnin ya fita bayan bango. Wannan ma ya fi aminci da janareta, domin ko wuta ta yi rawa ba ruwansa.

Rigar shan iskar ta zama ta namiji a fili, mai kauri, hannunta ya wuce yatsun Amanda har sai ta naɗe. In tana faɗa hannun yana warwarewa tana sake naɗewa, ya isa, ba sai an ce komai ba.

Ɗan Dandali:

Allah ya saka da alheri, Malama da Yaya Mai Fitila. Saura abu biyu. Fuskar wa za mu sa a hoton? Wasu sun ce a ɗauki mai wasan Tom da hular soja. Sannan akwai masu cewa mu juya wasan zuwa Hausa mu dawo da shi wani gari na nan, uban ya zama wanda ya tafi ci-rani bai dawo ba.

Baba Darakta:

Ɗana, fuskar mai wasan Tom dabara ce mai kyau, amma tana da farashi. Tana gaya wa 'yan kallo tun minti na farko cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, an yanke hukunci tun kafin a fara shari'a. A nan nake ɗan saɓa wa masu karanta wasan a matsayin labarin gado kawai. Gaskiya ne a jawabinsa na ƙarshe Tom ya ce sawun ubansa ya bi. Amma dukan wasan tunaninsa ne. Shi ne ya dawo cikin kayan ma'aikacin jirgin ruwa yana ba da labari, domin ya kasa manta Laura duk garin da ya je. Uban ya aiko kalma biyu ya yi shiru har abada. Ɗan ya tafi, abin ya ƙi sakinsa. Hoton ya yi masa alkawarin cewa ana fita ba a taɓa ƙusa ba, wasan kuma ya nuna ƙarya ne: an yanke wuta, baƙo ya tafi, uwa da 'ya sun rage ba mai ciyarwa. Saboda haka na fi son a sami wani mutum daban mai ɗan kama da shi, ko a goshi ko a baki, yadda mai lura zai gani, marar lura kuma ba a cusa masa ba. Kuma lallai ya zama saurayi mai kyau wanda ido zai so. In kuka sa fuskar mugu, kun mayar da Amanda wawuya, an rasa dalilin da ya sa ta bar masu gonaki ta bi shi.

Ga aikin da za ku yi a gwaji. Ku rubuta duk kallon da za a yi wa hoton, kamar yadda kuke rubuta shiga da fita, ku hana kowane kallo da ba a rubuta ba. 'Yan wasa in aka gaya musu hoton na da muhimmanci sai su riƙa waiwayensa kowane minti, ƙarshe ya zama ba komai. Amanda ta kalle shi kai tsaye, da dukan jikinta, kamar mai magana da wanda ke ɗakin. Tom ya nuna shi da hannu ko da haɓa, amma kada ya tsaya ya zuba masa ido sai in shi kaɗai ne. Laura kada ta kalle shi ko sau ɗaya. In an ambace shi ta sunkuyar da kai ko hannunta ya nemi wani abu. Jim kuma, da Amanda ta nuna masa, ya yi kallon ladabi na baƙo ya wuce, domin shi a wajensa hoto ne kawai, kuma wannan bambancin yana nuna wa 'yan kallo nauyin da mutanen gidan ke ɗauke da shi.

Wani gwajin: rana ɗaya ku sa mutum na gaske ya tsaya a kan benci inda hoton zai kasance, yana murmushi, ba ya motsi, a yi fitowa ta uku da ta huɗu a gabansa. Muryoyi suna canzawa nan take, Amanda ta daina ihu a iska. Washegari a cire shi a mayar da hoton. Sau ɗaya ya wadatar.

A ƙarshen wasan, lokacin da Tom ke jawabi a waje, Amanda tana lallashin Laura ba a jin muryarta, marubucin ya ce ta ɗan dubi hoton kafin ta fita. Kada a haska shi a nan. An yanke wutar gidan, kyandir ne kawai, kuma kallon nata gajere ne. Masu ba da umarni da yawa suna jan wurin nan har ya zama kuka, alhali an rubuta cewa a lokacin ne matar ta sami natsuwa da kwarjini.

Sanin tarihin marubucin zai taimaka wa mai wasan Tom, in bai wuce gona da iri ba. Sunansa na yanka Thomas, an haife shi a 1911 a jihar Misisipi. Mahaifinsa, Cornelius Williams, mai yawon tallar takalma ne, ba ya zama a gida lokacin da yaran ke ƙanana, suna zaune gidan kakansu limamin coci. A 1918 aka koma St. Louis da uban ya sami aikin ofis a kamfanin takalma, inda daga baya ɗan ma ya yi aiki. Wato uban na gaske bai gudu ba, yana nan cikin gida, da shan giyarsa da zafin ransa. Marubucin ne ya cire shi ya bar hoto. Yayarsa Rose kuma an yi mata tiyatar ƙwaƙwalwa a 1943, kusan shekara biyu kafin a fara nuna wasan a Shikago ranar 26 ga Disamba, 1944. Wanda ya rubuta Tom mutum ne da ya san shi ma ya tafi ya bar 'yar uwarsa.

Malamar Adabi:

Na yarda da Baba a kan fuskar. Game da dawo da wasan gida kuwa, shawarata a juya harshen in ana so, amma a bar labarin a St. Louis. Wasan ya tsayu ne a kan mutum uku da ba su da kowa: Amanda ta baro garinsu da danginta a Kudu, tana cikin bene na haya a babban birni. In kuka mayar da ita Bahaushiya, tambayar farko da mai kallo zai yi ita ce ina baffannin yaran, ina kawunansu, ina gidan iyayenta. Ta biyu, me ya hana ta zuwa gaban alƙali shekara 16, tunda a fiƙihun Malikiyya matar wanda ya ɓace tana da wa'adin shekara huɗu bayan ta kai ƙara, wadda aka bari ba ci ba sha kuma tana iya neman a raba auren tun kafin nan. Za ku ƙare kuna toshe ramuka maimakon yin wasa. Masu kallonku sun san gidan da uba ya fita bai dawo ba. Ba sai an sa wa Amanda zane za su gane ta ba.

In ɗalibanku na son ganin yadda wasu suka yi wannan aikin, su duba Hedda Gabler na Ibsen, na 1890, inda hoton Janar Gabler ke rataye kuma bindigoginsa ne ke kashe mutane a wasan. A Miss Julie na Strindberg, na 1888, uban ba ya fitowa, takalmansa da ƙararrawarsa ne ke tsorata bawansa. A wasan Lorraine Hansberry na 1959, A Raisin in the Sun, uban ya rasu, cekin inshorarsa na dala 10,000 ne kowa ke ja. Bambancin Mista Wingfield da na Ibsen da na Hansberry shi ne ba mutuwa ya yi ba, zaɓa ya yi. Babu makoki, babu gado, babu ranar da za a ce an gama. Ku kuma tuna wasan yana da masu haƙƙin mallaka har yanzu, marubucin a 1983 ya rasu, don haka in za a sayar da tikiti ko a buga fassara sai an nemi izini.

Mai Fitila:

Ƙari ɗaya, tunda da janareta za ku yi. A farkon fitowa ta bakwai fitilun gidan suna rawa su mutu. Masu kallonmu za su ɗauka janaretan ne, wasu su fara kunna fitilar waya, wasu su yi magana da ƙarfi, wurin ya watse daidai lokacin da laifin Tom ya kamata ya bayyana. Maganinsa shi ne kada dandamalin ya yi duhu ɗungurungum. Ka bar shuɗin haske a kan matakalar waje da ɗan hasken gidan rawa da ke tsallaken lungu, su ci gaba da ci, fitilun cikin ɗaki kaɗai za su yi rawa sau biyu su mutu. Jim ya jefa maganarsa nan take, kada ya bar ko daƙiƙa biyu. Kyandirori su kasance an riga an ƙona bakinsu sau ɗaya don su kama da ashana ɗaya, a kafa su da kyau a mariƙinsu, a nisanta su da labule mai shara-shara da aƙalla mita ɗaya, a kashe fankar da ke kusa da dandamali, a kuma ajiye bokitin yashi da mutum ɗaya a bayan fage wanda aikinsa ke nan kawai. Fitilar hoton a kashe ta tare da na ɗakin, kada a sake kunna ta har a rufe labule.